Madara tana wanke ƙurar dutse daga ƙirji?

Tambaya: Salam likita. Ina da injin niƙa dutsen zinare a wajen Anka, yara shida ke min aiki. Kullum da safe muna share wurin tas, da yamma kuma in sayo musu madarar gwangwani saboda ƙura. To yanzu ɗayansu wata biyu kenan yana tari yana ramewa, wallahi hankalina ya tashi. In ƙara madarar ne ko akwai wadda ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Maganar madarar nan ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta, daga masu niƙa har masu walda da fenti. Madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu take shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce to a ina za su haɗu har ta wanke ta? Ƙurar dutsen nan mai laushi wadda ido bai gani in ta zauna a huhu tabo take yi, tabon kuma baya gogewa, babu allura babu jiƙo babu maganin mai kemis da ke cire shi, sannan yana buɗe wa tarin tibi ƙofa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yaro ya sha gwangwani ɗaya ya ji ai ya yi rigakafi, gobe ya koma bakin inji ko takunkumi babu, maigida ma ya ji ya sauke nauyi. Bayan haka, dutsen zinaren yankinku yana iya ɗauke da gubar dalma da ke bin ƙurar ta shiga jini. Duk wanda ya ce maka madara ko tsamiya na fitar da dalma daga jini, ka tambaye shi ina yake a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Garuruwan nan ba nono ne babu ba. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yara magani na musamman, ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka yi masa.

Sharar da kake yi kuma, in a bushe ne da tsintsiya, tada ƙurar kawai kuke ku shaƙa. A yayyafa ruwa tukuna sannan a kwashe da shebur, in da hali niƙan ma a yi shi da ruwa. Takunkumi mai tace ƙura da ake kira N95 ake sawa, rawani ko ƙyalle baya tare ta. Kada a ci abinci a wurin, kayan aiki su kwana a nan, a yi wanka kafin a tafi gida don ƙananan yara dalma ta fi kamawa, kuma buhun dutse ko ɗaya kada ya shiga gida.

Shi wannan yaron ka ɗauke shi daga bakin inji yau, ka kai shi asibitin gwamnati a gwada kakinsa a ɗauki hoton ƙirji, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne. In yana da ƙanne ko 'ya'ya a gida a nemi a gwada jininsu a duba dalma.