Haɗa fakitin .deb daga lambar manhajar da ba a fitar ba tukuna

Tambaya: Malam, ina kula da kwamfutoci 15 masu Ubuntu a wata cibiyar koyarwa. An gyara matsalar wata manhaja da muke amfani da ita a GitHub, amma sabuwar siga ba ta fito ba. Na sauko da lambar manhajar (source code), na yi make da sudo make install a kan guda ɗaya, ta yi aiki. Haka zan bi sauran?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka bi su haka. Wannan umarni watsa fayiloli yake yi a /usr/local, kuma apt, mai kula da girka manhajoji a Ubuntu, ba shi da labarin ko ɗaya. Ranar da ka tashi cirewa, sai ka yi ta laluben su da hannu a kwamfuta 15.

Haɗa fakitin .deb, wato fayil ɗin da apt ke girka manhaja da shi, sau ɗaya ka huta. Fara da girka build-essential, devscripts da debhelper. In manhajar tana rumbun Ubuntu, buɗe layukan deb-src (masu ba apt damar sauko da lambar manhaja), ka yi apt source da apt build-dep, ka ɗauko jakar debian ka sa cikin sabuwar lambar. In ba ta nan, dh_make zai yi maka ƙwarangwal ɗin jakar debian. A cikin jakar, fayil ɗin control ke ɗauke da suna da abubuwan da manhajar ta dogara da su, rules kuma shi ke faɗin yadda za a gina. Sai ka yi dpkg-buildpackage -us -uc -b, fakitin zai fito a jakar da ke sama.

Inda na fi so ka nutsu shi ne lambar siga a changelog, fayil ɗin tarihin sigogi da ke jakar debian, domin nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A ce sigar da ake jira 2.1 ce. Rubuta 2.1~git20240312-1. A lissafin dpkg, manhajar da apt ke girka fakiti da ita, alamar ~ tana sa sigarka ta zama ƙasa da 2.1, don haka ranar da ta ainihi ta iso rumbu, apt zai maye gurbin taka da kansa. In ka sa + a wurin, taka ta hau sama, apt kuma ya ƙyale ta hukuma.

Ginin da za ka raba wa sauran kuwa, ka yi shi da sbuild ko pbuilder, masu gina fakiti a keɓaɓɓen wuri mai tsabta, saboda kwamfutarka cike take da laburaren da ka manta ka girka, sauran ba su da su. Kuma wanda aka gina a Ubuntu 22.04 ba lallai ya tashi a 20.04 ba.

In ya kammala, zuba shi a filashi, ka bi kowace kwamfuta da sudo apt install ./sunan-fakitin.deb.