Tambayi Bakanike: In cire tenshinar mai in sa ta hannu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni direba ne anan Legas ina da Ford Ranger ƴar Amurka ta 2003 mai injin 4.0, tokumbo na saye ta, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, da ita nake ɗibar buhunan albasa da tattasai daga Mile 12 ina kaiwa Agege da Iyana Ipaja. Wata uku kenan in na tada ta da asuba sai in ji ƙara kamar ana jan sarƙa a cikin garwa, sakan uku zuwa biyar sai ta yi shiru, amma kwanan nan ko ina tafe in na ɗan taka totur ina jin ta. Bakanikena yace tenshinar tayimin ce ta mutu, wai in daina ɓata kuɗi akan mai aiki da baƙin mai, akwai ta hannu wadda ake ɗaurewa da sifana a kulle da noti, in an sa ta shikenan an rabu da ƙara har abada. Dan Allah Malam in sa ko kar in sa? Daga mai karatunku a Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi a kasuwa. Kar ka sa. Na faɗa maka tun farko dan kar ka tsaya a tsakiyar karatu ka wuce kasuwar kayan mota ta Ladipo, amma ka zauna in gaya maka dalili, saboda bakanikenka ba ƙarya ya yi ba ƙarar zata ɗauke ɗin, kuma ɗaukewar tata ita ce abin da nake ji maka tsoro.

Sarƙar tayimin ita ke haɗa kirankishaf da kamshaf yadda bawul zai buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ya ba shi wuri. To sarƙa dole a riƙa tokare ta kar ta yi sako-sako, aikin tenshina kenan. Ta kamfani ɗan ƙaramin fistin ce mai sifirin a ciki, in mota na kashe sifirin ɗin ne ke riƙe da sarƙar, da ka tada mota baƙin mai ya hau sai ya cika ta ya ƙara mata ƙarfi. Kuma ba turawa kawai man yake ba, yana shanye fizga, dan sarƙar nan ba tafiya take sumul ba, duk sanda kamshaf ya danne bawul ya sake shi sai ta yi tsalle, man nan shi ne katifar da take faɗawa akai kamar yadda shokozoba ke yi wa taya a ramukan hanyar Abule Egba. Ta hannu kuwa kusa ce kawai mai zare, inda ka tsayar da ita nan take, bata gaba bata baya.

Ga inda matsalar take. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta, kuma kan injin naka alminiyom ne wanda yake buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen sarƙar, kaga tsaurin da sarƙa take da shi da asuba a Ketu daban yake da na ƙarfe biyun rana kana cikin gosulo awa biyu a Oshodi fanka na ta ihu. Ta mai tana bin wannan canjin da kanta. Ta hannu in aka ɗaure ta tam inji na sanyi, da ya ɗau zafi sarƙa ta yi tsauri ta fara cin gaid, wato robar da sarƙar ke bi ta kanta, da haƙoran sifroket da take hawa, tana jan kamshaf, zaka ji wani siririn kuka kamar na injin markaɗe, in kuma aka bar ta da sauƙi to sarƙa na dukan gaid har ya tsage. Sannan sarƙa tana ƙara tsawo a hankali yayin da take cinyewa, ma'ana sai an riƙa komawa ana ƙara ɗauri, kuma da kunne da hannu ake yi ba wani ma'auni da kamfani ya bayar. Kai da kake fita kafin sallar asuba ka dawo bayan isha, yaushe zaka samu wannan lokacin?

Abin da ya fi damuna ma a wasiƙarka shi ne da kace yanzu ko kana tafe kana jin ƙarar. Ƙarar sakan uku da safe kaɗai wannan sau da yawa tenshina ce ta gaji ko kuma oyil filta ce marar kyau da take barin mai ya zube ƙasa cikin dare, sai famfo ya sake turo shi. Amma ƙarar da ke biyo ka kan hanya sau da yawa alama ce gaid ya riga ya fashe. Injin nan na Ford ba kamar sauran ba ne, sarƙa uku gare shi, wasu ma huɗu: ɗaya daga kirankishaf zuwa wani sanda da ke tsakiyar inji, ɗaya a gaba tana hawa kan hagu, ɗaya kuma can a BAYAN inji wajen giya tana hawa kan dama. Tenshina biyu na mai da ake kwancewa daga waje na sarƙoƙin kai ne, sarƙar farkon kuwa tenshinarta ta sifirin ce tana cikin murfin gaba, ta hannun da za a sa maka ko kusa da ita bata zuwa.

Bara wani bawan Allah ya kawo min Explorer mai irin injin nan da janwe, an sa masa ta hannu a wani gareji ya yi wata biyu yana murna mota ta yi tsit. Da muka sauke botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, wallahi tafin hannuna biyu na cika da gutsattsarin roba ruwan ƙasa kamar ɓawon gyaɗa, wasu sun toshe rariyar famfon mai, sarƙar baya ta tsallake haƙori fistin ya daki bawul sun lanƙwashe. Mutumin ya tsaya yana kallon robar nan a hannuna ya kasa cewa komai, na tausaya masa sosai dan da motar yake kai yara makaranta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

To abin yi. Ka sa a sauke botom filet a gabanka ka leƙa da idonka, aikin bai kai na wuni ba. In babu roba a ciki alhamdulillahi, a sa geji a auna ƙarfin mai, a canza tenshina biyun da orijina, a jiƙa su cikin baƙin mai a matsa su sha kafin a ɗaura, a sa sabon washa, a yi juye da filta mai kyau. Mai kuma 5W-30 kamfani ya rubuta wa injin nan, ba 20W-50 ɗin da muke ɗura wa kowace mota dan mun saba ba, mai kauri yana jinkirin isa tenshina da safe. Kuma dan Allah ka daina siyan man da ake aunawa a galan a bakin titi. In kuwa an ga roba to sai haƙuri, sai an canza sarƙa da gaid gaba ɗaya, kuma na baya baya fita sai an sauke inji ko an raba shi da giya, a nan sai ka zauna da bakanike ku yi lissafi tsakanin gyaran da siyan injin tokumbo a Ladipo, shi ma kar ka biya sai an buɗe maka ƙasansa ka gani.

Ban ce ta hannu bata da gida ba, masu babur da motar tsere suna sa ta dan su kullum cikin buɗe inji suke. Ba ta mai ɗaukar albasa ba ce.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Tsohuwar Hilux ɗina mai injin 22R ta daɗe tana ƙarar sarƙa, yanzu baƙin mai ya koma kamar shayi da madara kuma lagireto na shan ruwa. An canza gaskit ɗin kai amma bai daina ba. Daga Idi-Araba.

AMSA: Ayya, an yi maganin inda ba ya ciwo. Wannan tsohon halin 22R ne, masu sarƙa layi ɗaya gaid ɗinsu roba ce, in ya karye sai sarƙa ta riƙa gugar murfin tayimin tana yanka shi a hankali har ta huda hanyar ruwa da ke bayan famfon ruwa, ruwa ya gangara cikin mai. A cire murfin saman inji a haska tocila ƙasa, zaku ga layi biyu da sarƙar ta zana a jikin alminiyom ɗin. Kar ka ƙara tada ta haka Alhaji, ruwa a cikin mai yana cinye metal ɗin da kirankishaf ke juyawa a kai. Sabon murfi, sabuwar sarƙa da tenshinarta ta mai, in ka samu gaid mai bayan ƙarfe ka sa shi, sannan a yi juye sau biyu kusa da kusa.

TAMBAYA: Malam tifa nake ja, Mack, muna lodi ta wajen Apapa. Yaron gareji yace a canza tenshinar tayimin. Akwai ta a babbar mota?

AMSA: Babu. Manyan injinan dizal irin na Mack da MAN da DAF da Howo giya ce ke cizon giya, babu sarƙar tayimin balle tenshinarta. Wataƙila ta fambel yake nufi, wannan kam akwai kuma tana lalacewa, a waje take kana iya ganinta. Kace ya ɗora yatsa akan abin da yake son canzawa kafin ka ciro ko sisi.