Alhaji, kafin ka sa hannu a takardar nan ta kamfanin waya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ina maƙale a cunkoson Mile 12 a nan Legas, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da tirela tara masu ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Kano da ɗakin sanyi na kifi a Ijora, kuma wakilin wani kamfanin waya ya kawo maka tsarin da suke kira IoT: su kafa na'urori, su ba da layi, su riƙa kula da komai, kai kuma kana biya duk wata. Kana so ka san ko ya fi ka shiga Computer Village, kasuwar wayoyi da ke Ikeja, ka sayi tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ka saka layinka.

Shekarata takwas ina ƙarƙashin mota da sukundireba a kan wannan aiki, kuma rabin shekarun nan a wani ƙaramin kamfani na yi su, wanda manyan kamfanonin waya ke ba wa kwangilar kafawa. Amsata a taƙaice: da mota ɗaya ko biyu gare ka, sai in ce je Ikeja ka saya. Mota tara da ɗakin sanyi kuwa, karɓi tsarin, amma ba a yadda wakilin ya kawo maka shi ba.

Ita na'urar ba wani abin mamaki ba ce. Daga tauraron ɗan'adam take sanin inda take, wannan ba ya buƙatar layi. Aikin layi kawai shi ne kai labarin zuwa kwamfutar kamfani, daga nan ya iso wayarka. Datar da take ci a wata ba ta kai ta bidiyo ɗaya da yaranka ke kallo ba. Don haka idan wakili ya fara yi maka waƙar 5G, ka yi murmushi kawai. Gaskiya ne MTN ta buɗe 5G a Legas a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma tirelarka ba ta da abin yi da shi. Yawancin tirakokin da ke kasuwa 2G suke amfani da shi, masu ɗan kyau 4G. Ka nemi mai 4G wadda ke komawa 2G idan ta shiga daji, shi ke nan.

Inda bambancin yake shi ne layi. Wani maigida da na yi wa aiki a Agege ya sa layukan gama-gari a motocinsa, an yi rajistarsu da sunan yaran shagonsa. Da aka matsa a 2024 kan haɗa layi da NIN aka fara toshe layuka, motoci huɗu suka ɓace daga taswira rana ɗaya. Yaron da aka yi rajista da sunansa ya koma Funtuwa tuntuni, ba mai lambarsa. Sai da muka bi motocin ɗaya bayan ɗaya muna kwance dashbod. Wata motar kuma da muka buɗe, babu layin ma gaba ɗaya, ashe yaron mota ya zare ya sa a wayarsa yana kallon ƙwallo. Layin da ake yi wa na'ura daban yake: da sunan kamfaninka ake rajistarsa, ba a kira da shi, an ɗaure shi a wata keɓaɓɓiyar hanya da ake ce wa APN, kuma ana iya ɗaure shi da lambar na'urar ta yadda in an cire aka sa a waya ba zai yi komai ba. Daga allo ɗaya za ka ga layukan duka, wanne ke raye, wanne ya yi shiru. Wannan kaɗai ya isa dalili.

To amma ga abin da wakilin ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Sunan da ke saman takarda na kamfanin waya ne, sai dai sau da yawa aikin hannu uku ne ko huɗu. Sabis nasu ne. Manhajar da ke kula da layuka galibi haya suke yi daga wani kamfanin waje. Taswirar da kake gani a waya ta wani ce daban. Mai zuwa gareji da tsani kuma irina ne. Su ma na wajen ba dauwamammu ba ne: kamfanin Cisco ya sayi Jasper, mai irin wannan manhajar, a 2016, Ericsson ta miƙa nata sashen IoT ga wani kamfani mai suna Aeris a 2023, Google kuwa a shekarar ta rufe nata gaba ɗaya. Ranar da abu ya lalace, kowa sai ya nuna na bayansa. Na taɓa kwana uku ina kai-komo a kan ɗakin sanyin wata Hajiya: masu sabis sun ce layi lafiya lau, masu manhaja sun ce saƙo bai iso ba, mu kuma mun ga fitilar na'ura tana ƙyafta kore. A ƙarshe wani saiti ne aka canja a can sama ba a gaya wa kowa ba. Allah Ya taimaka mai gadinta na duba ma'aunin sanyi da ido.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi masa: idan kifina ya fara narkewa ƙarfe biyun dare ranar Lahadi, wa zan kira, kuma awa nawa kafin mutum ya iso Ijora? Kada ka yarda da lambar nan ta kowa da kowa da ake cewa danna ɗaya, danna biyu. A rubuta a yarjejeniya, da abin da za a rage maka a kuɗin wata in sun saɓa. Kifi daskararre ana riƙe shi ne a digiri 18 ƙasa da sifiri, ka sa a saita gargaɗi tun kafin ya yi nisa da hakan, ya zo ta tes da kira, ba ta manhaja kaɗai ba. Ka tuna Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, intanet ya yi ta rarrafe har bankuna suka ji a jikinsu. Kuma na'urar ta kasance da batirinta, domin lokacin da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, lokacin ne kake buƙatarta.

Batun hanya. Layin kamfani ɗaya galibi sabis ɗin kamfanin kaɗai yake kamawa. Duk wanda ya bi ta Jebba, Mokwa, Tegina ya san akwai wuraren da waya ke zama dutse. Na'ura mai kyau tana ajiye bayanan a cikinta, in ta samu sabis ta turo duka, ba ka rasa komai sai jinkiri. Mai arha kuwa sai ka ga layin tafiya ya yanke ya ɓullo a wani gari. Akwai layukan da ke tsallakawa daga wannan sabis zuwa wancan, sun fi tsada, kuma kamfanin waya ba zai so ya sayar maka da su ba, ka gane dalili.

Na san abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya shi ne gas. Shi ma'aunin mai wata sanda ce da ake huda tanki a zura. Kafa ta ba wuya, aunawar ce aiki: a zazzage tankin tas, a riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan da jarka mai awo ana rubutawa har ya cika. Yini guda yake ci a mota ɗaya, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake shi su kwafi awon wata motar. Daga nan sai a fara zargin direba da satar da bai yi ba. Na ga dattijon direba, shekara da shekaru yana tare da maigidansa, ya ajiye makulli ya tafi saboda wani zane a allo, alhali hawan tudu ne ya karkatar da man. Don Allah ka tsaya da kanka ko ka tura ɗanka ranar awo. Ka kuma tara direbobinka ka gaya musu abin da za a sa. Wanda aka ɓoye masa, shi ne ke gano fis ɗin ya zare.

Sauran ƙanana ne amma a duba. In ka bar su bayan shekara, na'urorin naka ne ko za su kwance? An kulle su a manhajarsu ko za su yi aiki da ta wani? Za su ba ka tarihin tafiye-tafiyen motocinka? Kuɗin wata a naira yake tsaye ko yana bin dala? A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50, don haka ka nemi a rubuta tsawon lokacin da farashinka ba zai motsa ba.

Ni da ni ne, mota biyu zan ba su da ɗakin sanyin, na wata uku. Ɗaya ta bi ta Mokwa, ɗaya ta Lokoja. A cikin sati na biyu, wani dare bayan sallar isha'i, ka sa yaro ya cire wayar na'urar ɗakin sanyi ba tare da ka sanar da kowa ba, ka ajiye wayarka a gefe, ka duba agogo.