Zan je taron kiɗan Wacken, amma kunnena ya taɓa yi mini ƙugi har kwana biyu

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Hamburg ta ƙasar Jamus, shekarata 24. Abokan karatuna sun ja ra'ayina mun sayi tikitin Wacken, babban taron kiɗan rok da metal da ake yi a fili duk shekara, kwana huɗu za mu yi muna kwana a tanti. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, watan jiya mun je wani ƙaramin wasa a cikin gari, da muka fito sai na ji kamar an cusa mini auduga a kunne, ga wani "tsiii" da bai bar ni ba sai bayan kwana biyu. Yanzu garau nake ji. Abokina ya ce kowa haka yake yi da farko, kunne zai saba, wai toshe kunne a wurin metal ragwantaka ce. Mahaifina kuwa tun da ya manyanta sai an ɗaga murya yake ji, shi ya sa abin yake ba ni tsoro. In je ko in sayar da tikitin? In na sa auduga ta wadatar?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron nan naka a kan hanya yake, kada kowa ya kunyata ka a kai. Batun dacewar zuwa wurin kiɗa ko rashin dacewarsa ba fagena ba ne, wannan tsakaninka da malamanka. Ni kunne na sani. Ta fuskar kunne kuwa, za ka iya zuwa ka dawo lafiya lau, muddin ka toshe shi da abin da ya dace tun daga kiɗan farko har na ƙarshe. Auduga ba ta cikin abin da ya dace, zan dawo kanta.

Wacken ƙauye ne a jihar Schleswig-Holstein, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga inda kake, mazaunansa kusan 2,000. Tun 1990 ake wannan taro, yanzu kuma tikiti 85,000 ake sayarwa. Ɗaya daga cikin manyan dandamalinsu ma sunansa Louder, wato "a ƙara ƙara", ka ga tun daga suna sun faɗa maka abin da za ka tarar. Ƙa'idar da masu shirya irin wannan taro suke bi a Jamus, DIN 15905-5, ta ce matsakaicin sauti kada ya wuce desibel 99 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a cikin kowane minti 30, in kuma zai kai 95 a tanadar wa jama'a abin toshe kunne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata, desibel 100 a cikin minti 15. Mutane suna jin haka sai su ce ai ke nan hukuma ta tsare mu. Yi lissafin da kanka. Ma'aunin da cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta shimfiɗa shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, duk ƙarin desibel 3 kuma a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15. A desibel 99 ke nan kasonka na yini bai kai minti 20 ba. Makaɗa ɗaya kan yi awa guda ko fiye a kan dandamali, kai kuma za ka wuni tun azahar har tsakar dare, kwana huɗu a jere.

Yanzu bari in zo kan maganar abokinka, don ita ce ta fi ɓata mini rai, kuma ba ranar da zan zauna a asibiti ban ji ta ba. "Na saba." Mai injin niƙa ya saba. Mai walda ya saba. Telan da ya ajiye janareto a bakin ƙofar shago ya saba. Yaron DJ da ke tsayawa jikin sifika a gidan biki tun la'asar ya saba. Kwanaki wata baiwar Allah ta kawo mini mijinta, mutum bai kai shekara 40 ba, shekara 15 yana niƙan hatsi. Ta ce in ta ce masa "fara" sai ya ji "sara", in yara suna magana sai ya riƙa kallon bakinsu. Shi kuwa yana murmushi ya ce, "Likita ni injin ma ba na jin ƙararsa, na saba." Gaskiya ya faɗa, ba ya ji. Da na sa shi a ɗakin gwaji, layin jinsa a takardar gwajin ya zo daidai siririn sauti mai hertz 4,000 sai ya rufta rami a kunnuwa biyun, irin ramin da duk wanda ya yi wata ɗaya a sashen kunne zai gane daga nesa. Kallon kitse yake yi wa rogo: abin da yake kira sabo, kurumta ce ta fara shiga, ta rage masa ƙarar injin, ta haɗa da muryar 'ya'yansa.

Kunne ba damtse ba ne da za ka yi ta ɗaga ƙarfe ya ƙara ƙwari. A can ciki, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar aba mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kusan 15,000 a kowane kunne. Da su aka haife ka, da su za ka koma ga Allah, wadda ta mutu ta tafi ke nan. Kaza tana sake tsiro da nata, an gano haka tun shekarun 1980, amma ɗan Adam ba ya yi. Toshewar da ka ji bayan wancan wasan, da "tsiii" ɗin kwana biyu, alama ce ƙwayoyin sun jigata har sun kasa aiki na ɗan lokaci.

Za ka ce ai ya warware. Nan ne yaudarar take. A 2009 wasu masana biyu na jami'ar Harvard, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun sa ɓeraye cikin ƙara mai ƙarfi na awa biyu. Jin ɓerayen ya ragu, bayan kwanaki ya dawo daidai a gwaji. Da aka duba cikin katantanwar sai aka tarar mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin nan da jijiyar ji ta tsintsinke da yawa, kuma ba ta dawo ba. Ka san igiyar guga. Sili ɗaya ya tsinke, guga na fitowa da ruwa. Na biyu ya tsinke, yana fitowa. Mai ɗiban ruwa yana cewa igiyata lafiya lau, har ranar da za a nemo ƙugiya. Alamar farko a wurin mutum yawanci ba kurumta ce sak ba. Za ka zauna a majalisa mutum biyar suna hira, kana jin muryoyi amma kalmomin suna kuɓuce maka. Kai da kake karatu da harshen da ba naka ba, a aji mai ɗalibai 200, ka san abin da wannan zai jawo maka.

Shi kuma mai cewa ragwantaka ce, ka tambaye shi ko ya fi Lars Ulrich, makaɗin gangar ƙungiyar Metallica, son metal. Shi da bakinsa ya bayyana cewa ya daɗe yana fama da ƙugin kunne, kuma da kariya yake hawa dandamali. A 2016 Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya sauka ana tsakiyar zagayen wasanni bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurumcewa gaba ɗaya, sai wani mawaƙin, Axl Rose, ne ya ƙarasa musu. Idan ka isa filin ka lura da ma'aikatan da ke tsaye a gaban dandamali da masu kula da na'urorin sauti, ka ƙirga nawa ne kunnensu a buɗe.

Amfanin toshewar kuma an gwada shi a irin wurin da za ka je. A 2015 likitoci a ƙasar Holan sun ɗauki mutum 51 a wani taron kiɗa na fili a Amsterdam, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, 25 da abin toshe kunne, 26 babu. Awa huɗu da rabi suka yi cikin sautin da ya kai desibel 100. A cikin waɗanda suka toshe, kashi 8 cikin 100 na kunnuwan ne jinsu ya ragu bayan taron, waɗanda ba su toshe ba kuwa kashi 42. Ƙugin kunne ya sami kashi 12 na masu toshewa, da kashi 40 na sauran.

Auduga, ko takardar goge hannu da wasu ke murzawa su cusa, abin da suke tarewa kaɗan ne ƙwarai, ga shi suna sa mutum ya saki jiki ya matsa gaba yana ganin ya kare kansa. Ka shiga kantin magani ka sayi ɗayan biyu. Akwai na soso mai araha, yana tare sauti sosai amma yana dusashe kiɗan. Akwai na makaɗa mai 'yar matata a ciki, kuɗinsa kusan yuro 20 zuwa 30, yana rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da ya ɓata daɗin sautin ba, shi nake ba ka shawara. Cire 15 daga 99, ka koma 84, minti 20 ɗin nan ya zama yini guda. Amma sai an sa shi daidai. Na soso za ka murza shi tsakanin yatsu ya yi siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura, ka riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura a ciki. In rabinsa yana leƙe a waje, ado kawai ka yi. Ka gwada a ɗaki tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi guda biyu ko uku, domin abu ƙarami in ya faɗa taɓon Wacken sai dai haƙuri. A 2023 ruwan sama ya mayar da filin laka har aka dakatar da shiga, kusan mutum 61,000 ne suka samu shiga cikin 85,000 masu tikiti.

Kada ka tsaya jikin tarin sifikoki, ka koma wajen rumfar masu sarrafa sauti a tsakiyar fili ko bayanta, can ma kiɗan ya fi fita. Tsakanin makaɗa da makaɗa ka fita ka ba kunnen hutu, da dare kuma kada ka ɗora masa waƙa ta waya. Turereniyar gaban dandamali ba fannina ba ce, amma a taron kiɗan Roskilde na ƙasar Denmark mutum 9 suka rasu a cunkoso a shekarar 2000, don haka da ka ji ƙirjinka ya fara matsuwa ka zame ta gefe.

Game da mahaifinka, Allah ya ƙara masa lafiya. Raguwar ji da tsufa abu ne sananne, kuma mutane sun bambanta wajen jure ƙara, har da gado a ciki. Shi ya sa nake so ka yi gwajin ji kafin tafiyar, ka ajiye takardar. Shagunan sayar da na'urar ji a Jamus da yawa kyauta suke yi. Shi ma Baba a kai shi a gwada, a daina ɗaga masa murya kawai ana cewa tsufa ne.

In ka dawo da ƙugi ko toshewa suka wuce kwana ɗaya zuwa biyu, ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, HNO suke rubutawa a allonsu. In kuwa kunne ɗaya ya ɗauke ɗif lokaci guda, ko jiri ya kama ka, ko ka ga jini ko ruwa na fita, ranar za ka tafi. In asibitocin unguwa sun tashi ka kira 116117, lambar likitocin da ke duba marasa lafiya bayan an tashi aiki. Kada mai karɓar baƙi ta ba ka ranar ganin likita bayan mako shida ka ce to, ka gaya mata jinka ne ya ɗauke farat ɗaya. Maganin da ake bayarwa a irin wannan hali kwanakin farko yake da amfani, bayan mako biyu ƙofar ta kusa rufewa.

Kuma don Allah kada ka buga waya gida a haɗo maka magani. Na san abin da za a aiko: man zaitun, man habbatussauda, ruwan tafarnuwa, ko ɗigon da wani mai kemis ya zaro daga kanta bai taɓa leƙa kunnen ba. Wata gwaggo kuma ta ce ai ambatonka ake yi a wani wuri shi ya sa yake ƙugi. Inda ɓarnar take, a bayan dodon kunne ne, cikin ƙashi, ba man da zai kai can. In kuma dodon ya huje, ɗigo mai jentamaisin zai iya ratsawa ya ƙarasa kashe abin da ya rage. Na ga yarinyar da aka ɗiga wa ruwan albasa kwana bakwai, na ga dattijon da ya huda dodon kunnensa da gashin kaza yana neman "abin da ke kuka a ciki". Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai maganin da ke kafa mota a tasha, ya ɗaura lasifika biyu a kan rufi ya ƙure murya, yana tallan maganin kurumta kwalba naira ɗari biyar, yaronsa mai karɓar kuɗi yana tsaye a ƙarƙashin lasifikar tun safe.