Amsa ga mai tambaya kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya buɗa mana baki ɗaya. Ka ce kai ma'aikaci ne a nan Tahoua, ku bakwai ne a gida, albashi yana ƙarewa kafin 20 ga wata, sauran kwanakin kuma a littafin mai shago kuke ci, kana neman ta inda za ka fara tsimi. Na ga wasu sun ce ka rage kuɗin cefane. Don Allah kada ka fara ta nan. A mafi yawan gidajenmu kuɗin miya shi ne wanda aka riga aka matse har ya gaji, kuma in ka ƙara matse shi, uwargida ce za ta cike giɓin da kuɗin sana'arta ko ta ci bashin maƙwabta ba ka sani ba. Abin da ke cinye albashi shi ne sayen komai kaɗan-kaɗan, a kan bashi, a lokacin da ya fi tsada.

Wata na farko kada ka canza komai, rubutu kawai za ka yi. Ka sami ɗan littafi, duk abin da ya fita daga aljihunka ka rubuta shi a daren ranar, har dala biyar ɗin da ka miƙa wa yaro. Uwargida ma ta riƙe nata, amma ka gaya mata tun farko cewa ba tuhumarta ake ba, in ba haka ba lissafin da zai faranta maka rai za ta kawo. Ƙarshen wata ku raba shi uku: abin da ya shiga tukunya, abin da ba makawa kamar haya da wuta da ruwa da makaranta, sai abin da ya fita ta aljihunka kai kaɗai. Kashi na ukun nan shi ke ba magidanta mamaki. Sefa 500 a kullum, tsakanin shayin fada da kiredin waya da ɗan tsire, jika 15 ke nan a wata, sefa 182,500 a shekara.

Daga nan sai bashin shago, domin muddin yana nan ba abin da zai motsu. Albashi na shigowa rabinsa na mai shago ne, ragowar ba ta isa sari, sai a koma littafi. Wanda ke ɗaukar kaya bashi ba ya tayawa, ba ya duba ma'auni, ba ya iya tsallakawa shagon gaba ko da can ya fi araha. Kada ka biya duka a tashi ɗaya ka zauna hannu wayam, tun 10 ga wata za ka koma masa. Ka je ka same shi cikin mutunci, ku tsayar da jimillar, ku raba ta wata uku ko huɗu, daga ranar kuma duk abin da za a ɗauka kuɗi hannu. Ka hana a ba yara kaya da sunanka. Mutumin da ya rufa maka asiri shekara da shekaru, ka ci gaba da sayen wasu abubuwa a wurinsa, wannan hakkinsa ne.

Babban aikin yana kan hatsi. Kowa ya san gero da wake sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kuma suna hawa sannu a hankali har su kai ƙarshen tsada tsakanin Yuni da Agusta. Duk da haka ma'aikaci yana sayen tiya biyu tiya uku duk shekara, yana biyan kowane hawa. Ka fara da sanin abin da gidanka ke ci. Tiya ta kai kusan kilo biyu da rabi, buhun kilo 100 kuma tiya 40 ne. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana buƙatar tiya 30 a wata, wato buhu uku na wata huɗu. In ba ka da ƙarfin sayen na shekara, ka sayi na watannin tsada kawai ka rufe, ka ci gaba da sayen na yau da kullum tun ana cikin araha, kada a taɓa ajiyar sai Yuni. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a sayi buhu uku a Nuwamba, a buɗe washegari, ganin yawa ya sa a riƙa ɗiba ba awo, ana kyauta, kafin azumi ko bazara babu.

Wajen saye, kasuwar Lahadi ta fi shagunan unguwa, kasuwannin ƙauye kuma sun fi ta, amma ka haɗa da kuɗin mota da na dako kafin ka ce ka ci riba. Zuwa Ƙonni saboda buhu ɗaya asara ce, sai dai ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku tura mutum ɗaya. Kada ka karɓi buhu a ɗinke. A zazzage a auna maka da tiya a gabanka, don ba kowane buhun da ake kira na kilo 100 ne ya cika ba, kuma a ƙasa ne yashi da ƙaiƙayi ke kwanciya. Ka tauna ƙwaya: in ta fashe ƙaras ta bushe, in ta lanƙwasa da sauran danshi, sai ka shanya kafin ka ɗaure. Buhu ba ya zama a ƙasa ko jikin bango, a ɗora shi kan katako, a bar masa iska. Ka kuma kasa kunne ga sayar da hatsi mai rahusa da OPVN, hukumar gwamnati mai kula da cimaka, ke yi lokacin tsada, inda aka daɗe ana ba da buhun kilo 100 a kan sefa 13,000. Ba ya isar kowa, kaɗan-kaɗan ake rabawa, don haka ka ɗauke shi a matsayin ƙari, kada ka gina lissafinka a kansa.

Wake ya fi gero wuyar ajiya, cikin wata biyu ƙwari na iya mayar da shi gari. Buhun PICS shi ne maganinsa, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A shanya waken ya bushe sarai, a bari ya huce, a duba ledojin ba huji, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ke kashe ƙwarin, shi ya sa in ɓera ya huda ko aka riƙa buɗewa ana ɗiba, aikin ya lalace. Wanda za a ci cikin watan a ware shi tun farko. Jarkar mai da aka wanke ta bushe tana yin wannan aikin in an cika ta har baki an toshe murfin da leda. Ƙwayar maganin nan mai fitar da iska da 'yan kasuwa ke sa wa a sito, kada ta shiga ɗakin da ake kwana, tana kashe mutum.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Muna ƙasar albasa, daga Maris zuwa Mayu ta Galmi da kewaye tana cika kasuwa. A gida ba sai da rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ba: a zaɓi masu busasshen wuya marasa rauni, a baza su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a tara su a buhu ba, duk mako a tsince wadda ta fara laushi don kada ta ja sauran. Tumatir da tattasai lokacin sanyi a yanka a shanya kan tabarma mai tsabta, kauɗa ta wadatar da damina. Haka kuɓewa da kuka da zogale. Man girki kuwa, ka sayi na leda na sefa 100, ka auna sau nawa zai cika lita, ka ninka, ka gwada da kuɗin jarkar lita 5. Da kanka za ka ga abin da ake biya. Amma jarka in ta shiga kicin ba ma'auni, kwana ashirin ta tafi. A raba ta kwalba-kwalba na mako. Kuɗin cefanen kuma a ba da na mako ɗaya a dunƙule maimakon kullum, mai girki ta fi ka sanin yadda za ta juya shi.

Wutar girki: gas ya dace da shayi, kunu, miya da ɗumame. Dafa wake ko tuwon mutum bakwai a kansa kullum yana ƙarar da kwalbar kilo 6 da wuri, wannan a bar wa murhu mai tattalin itace ko gawayi, kuma a jiƙa waken tun dare, a rufe tukunya. Harshen wuta ya zama shuɗi, in ya yi ja kan murhun ya toshe, a wanke. A shafa ruwan sabulu a bakin kwalba da tiyo, in ya yi kumfa yana yoyo, kuɗi ne ke fita kuma hatsari ne. Itace a saye shi kafin ruwa ya sauka.

Lantarki ana biyansa hawa-hawa, yawan shanka yana tura ka matakin da ya fi tsada. Ƙwai shida masu wat 60 da ke kunne awa shida kullum suna shan kusan kilowat-awa 65 a wata, na LED masu wat 9 kuma kusan 10. Na'urar sanyaya ɗaki guda tana jan wutar fanka wajen goma sha biyar, dutsen guga da abin dafa ruwa ma manyan maciya ne, guga a tara a yi ta sau ɗaya a mako. Firiji, ka maƙala takarda a ƙofar ka rufe, in ta zare da sauƙi robar ta mutu, injin ba ya hutawa. Ruwa kuwa, ka rufe duk famfo da dare ka karanta lambar kwanta, da asuba ka sake dubawa, in ta motsa akwai yoyo, galibi a bayan gida. Wanda ke saye wajen 'yan ga-ruwa ya lissafa: jarka 40 masu lita 25 su ne mita kubik ɗaya, ya gwada da abin da ke takardar maƙwabcinsa mai famfo, zai san ko jawo ruwa ya cancanci a tara masa kuɗi.

Aljihunka kuma kai ne za ka yi masa hukunci. Forfe na intanet na kullum ya fi na wata tsada in ka tara, kuma bidiyon da ke sauka da kansa a WhatsApp shi ke shanye shi, ka kashe wannan a saitin wayar. Babur, ko da farashin fetur da aka sauke zuwa sefa 499 a 2024, lita ɗaya a rana ta kusa jika 15 a wata. Ka haɗa aike-aikenka a fita ɗaya, ka duba iskar taya da tsabtar matatar iska. Fada ba a barinta, zumunci ce, amma ku yi karo-karo ku sayi ganye da sukari na wata, kada ya zama mai albashi ne kullum ke sa hannu a aljihu. Aiken kuɗi ƙauye ma ka tsayar masa da adadi sau ɗaya a wata, su san shi, kai ma ka san shi. Sau da yawa buhun gero da ka ajiye musu tun kaka ya fi musu amfani a Yuli fiye da kuɗin da za ka tura.

Biki da suna nan ne magana ke da nauyi, don mutuncin uwargida a cikin 'yan'uwanta yana ciki. Hana ta zuwa ba gyara ba ne. Ku zauna ku ware kuɗin zumunci na wata, ita ta riƙe, ita ta zaɓi wanda za a yi wa anko da wanda gudummawa ta isa. In ya ƙare ya ƙare, sai dai rasuwa ko rashin lafiya. Salla biyu da komawa makaranta ba sa zuwa ba zata, ka raba kuɗinsu wata goma sha biyu. Ka tuna salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, kayan makaranta kuma suna faɗowa a Oktoba, daidai lokacin da kake son sayen hatsi. Yadi a saya a kai wa tela wata biyu kafin salla. Layya malamai sun bayyana tana kan mai hali, ba a cin bashi mai nauyi dominta. Sayen ɗan rago da wuri yana sauƙi ne kawai in ka sayi harawa da dusa tun kaka kuma akwai mai kula da shi, in ba haka ba abincinsa zai cinye ribar.

Za ka ce duk wannan sari da wane kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ka rage daga aljihu da wuta, ko jika 10 ne, ka fitar da shi ranar da albashi ya shigo, ba ƙarshen wata ba, ka kai shi inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. Adashe yana da kyau in ka nemi kwasarka ta faɗo Nuwamba, kuma da mutanen da ka san inda albashinsu ke fitowa, don wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi shi ke rusa shi. Kada zubin ya wuce abin da za ka iya a watan da ya fi matsi. Uwargida kuma ta duba ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka faro a Maraɗi a 1991, inda ake zubi duk mako, ana ba da ɗan rance, ana rabawa ƙarshen zango.

Abu biyu kada tsiminka ya taɓa. Abincin yara ƙanana da mai ciki ko mai shayarwa: in nama ya yi tsada a mayar da wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai da nono, ba a cire ba. Sai lafiya. Gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, kyauta ne, a karɓa a kammala kwana ukun. Yaro ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jini a ranar, jinkirin kwana biyu shi ke mayar da maganin jika biyu ya koma kwanciya da ƙarin jini. In an rubuta maka magani ka tambayi mai farmasi ko akwai jenerik ɗinsa, sinadarin ɗaya ne kuma ya fi araha, amma na tebur da ke shan rana a bakin kasuwa kada ka saya wa iyalinka.