Tambayoyin Masu Karatu: Fentin Ruwa na Gida da Zanen Tsuntsayen Bakin Kogi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a unguwar Gamkale, a nan Yamai, kuma na fi shekara biyu ina zana tsuntsayen da nake gani a bakin kogi da fentin ruwa. Da fentin kanti ya fi ƙarfin aljihuna, sai na jiƙa zoɓo na sami ja, na dama kurkum na sami rawaya, na niƙa gawayi don baƙi. Na zana gauraka na rataye a bango, amma kafin wata biyu jan ya koma toka-toka, rawayan ya koɗe, baƙin kuwa yana bin yatsa idan an taɓa. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Abu biyu ne suka haɗu a kan gaurakar nan taki, kuma maganin kowannensu yana nan kusa da ke.

Baƙin da ke bin yatsa rashin ƙaro ne ya jawo shi. Fentin ruwa garin launi ne wanda ba ya narkewa, sai a haɗa shi da wani abu mai danƙo da zai riƙe shi a jikin takarda bayan ruwa ya bushe, kuma wannan abu, har a cikin fentin da ake kawowa daga Ingila da Faransa, ƙaro ne na bishiyar dakwara, irin wanda malamanmu ke zubawa a tawada tun kaka da kakanni. Duk wanda ya taɓa riƙe allon zayyana ya ga yadda launi ke zama daram idan ƙaro ya ji. Ki nemi ƙaro mai haske a wajen masu sayar da kayan tawada ko masu magungunan gargajiya a kasuwar Katako, ki tsince ɓawo da ƙasa, ki daka shi, ki jiƙa kofin shayi ɗaya a cikin kofi biyu na ruwan ɗumi, ki bar shi ya kwana. Da safe ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki ƙara zuma kamar rabin kofin, da ɗigo biyu na man kanumfari don kada ya yi fumfuna. Aikin zumar shi ne ta riƙe ɗan danshi, yadda fentin da ya bushe a mazubinsa zai farka da zarar jiƙaƙƙen buroshi ya taɓa shi. Da hunturu ana iya ƙara ta kaɗan, da damina kuwa a rage. Na taɓa cika zuma a haɗin da na yi cikin watan Agusta, fentin ya yi kwana goma bai bushe ba, kiyashi kuma suka yi layi daga bakin taga har cikin murafan kwalbar da na zuba shi.

Koɗewar ja da rawaya kuwa ba ta da alaƙa da ƙaro. Launin zoɓo da na kurkum rini ne na tsiro, kuma hasken rana yana cin su ko da an rataye zanen a cikin ɗaki. Zoɓo ya fi saurin juyawa, domin ko ƴar kanwa ya haɗu da ita sai ya sauya kama, kamar yadda kowace mai girki ta sani. Karan dafi ma, duk kyan jansa a kan fata, ba ya jure rana a takarda. Launin da ba ya koɗewa yana cikin ƙasa, saboda tsatsar ƙarfe ce ta ba jar ƙasa janta, ta kuma ba ƙasa mai ruwan ɗorawa nata launin, ita kuwa tsatsa rana ba ta yi mata komai.

Idan kin fita bayan gari, ki duba gefen tudu ko bakin kwazazzabo inda ruwa ya zaizaye, za ki ga ƙasar ta jeru hawa-hawa, ja da rawaya da fara, wani lokaci har da mai ruwan hanta. Ki ɗebi kowace daban. A gida ki zuba ta a bokiti, ki cika da ruwa, ki dama sosai, ki dakata kamar minti ɗaya har tsakuwa da yashi su kwanta, sannan ki tsiyaye gurɓataccen ruwan sama a wani mazubi ki bar shi ya kwana. Da safe ruwan zai yi garau, a ƙarƙashinsa kuma za ki tarar da laka mai laushi kamar kullun koko, wadda ita ce launin. Ki shanya ta ta bushe. Idan kin soya rabin rawayar a tsohon kasko bisa garwashi, za ki ga tana juyewa zuwa ja mai duhu a gaban idonki, kamar yadda tukunya ke yin ja a wajen gashi, kin kuwa sami launi biyu daga ƙasa ɗaya.

Wajen haɗawa ne ake bukatar haƙuri. Ki zuba cokali ɗaya na garin a kan gilashi mai kauri ko faffaɗan dutse mai santsi, ki sa ruwan ƙaro kusan daidai da shi, ki riƙa murzawa da gindin kofin gilashi kina kewayawa. Da farko za ki ji ƙaras-ƙaras a tafin hannunki, bayan kamar minti ashirin sai ƙarar ta ɗauke, haɗin ya koma sulɓi. Ki shafa kaɗan a takarda, idan ya bushe ki goga da yatsa. In ya bi yatsa ƙaro ya yi kaɗan, in kuwa ya yi ƙyalli yana tsagewa ƙaro ya yi yawa. Don baƙi, kunkunniyar gindin tukunya ta fi gawayi laushi. Don shuɗi ki nemi shunin baba na ainihi a wajen marina, shi ne launin tsiro da ya fi sauran jure haske, kuma idan kin haɗa shi da rawayar ƙasa zai ba ki kore mai sanyi irin na ganyen aduwa. Ina roƙonki kada ki niƙa kwalli don neman baƙi, domin sau da yawa akwai dalma a cikinsa, yara kuma ba sa rabuwa da sa buroshi a baki.

Ki sake duban gauraka da waɗannan launuka a hannu. Tukkunta rawayar ƙasa ce, goshinta baƙi ƙirin, jikinta baƙi mai ɗan toka, ƙarshen fiffikenta ruwan ƙasar da aka soya, a kumatunta kuma akwai fari da ɗan ja mai haske. In ban da baƙin, duka suna cikin bokitinki.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne daga Harobanda, ƙetaren kogi a nan Yamai. Tsuntsu ba ya tsayawa in gama zana shi, kuma idan na shafa wa balbela farin fenti sai ta fito kamar an yi mata farar ƙasa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, a fentin ruwa farin takarda shi ne farinka, don haka balbela ba a shafa ta, kewaye ta ake yi. Ka zana siffarta da fensir a hankali, ka shafa launin ciyawa ko na jikin saniyar da take bi har iyakar layin, sannan ka sa inuwa ta shuni mai ruwa sosai a ƙarƙashin ciki da bayan wuya. Wannan yana son takarda mai kauri, irin mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, domin siririya tana lanƙwashewa idan ta sha ruwa. Da hunturu ka jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna, saboda iska tana busar da fenti kafin buroshi ya dawo.

Maganar tsayawa kuwa, ba wanda ke gama tsuntsu a zama ɗaya. Ka zauna da sassafe da littafi da fensir kaɗai, ka kalle shi ya fi yadda kake kallon takarda, ka fara da jiki mai siffar ƙwai da layin wuya da inda ƙafa ta sauka. Idan ya motsa ka bar wancan ka fara wani a gefe, zai dawo tsayuwarsa ta farko. Ka fara da zalɓe, wanda ke daɗewa a tsaye cikin ruwa yana jiran kifi. Idan shamuwa ta iso gab da damina, ka lura cewa baƙinta yana walƙiyar kore da shuɗi, don haka haɗin shuni da soyayyar ƙasa ya fi kunkunniya kama da ita, cikinta fari ne, gwiwoyinta da yatsunta ja. In ka ɗora ta a kan gawo, ka tuna gawo da damina yake zubar da ganye.

Don manyan dabbobi, gidan tarihi na Boubou Hama da ke nan Yamai yana da sashen namun daji mai zaki da kura da dorina da za ka zauna gabansu ka yi ta gwaji. Akwai kuma raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Sun fi na gabashin Afirka haske, saboda haka ka shimfiɗa rawaya mai ruwa-ruwa a jiki duka, ka jira ta bushe sarai, sannan ka ɗora dabbare-dabbaren da jar ƙasa marar kauri, kana rage su yayin da kake gangarowa zuwa ƙafafu, waɗanda daga gwiwa zuwa ƙasa kusan farare ne.