Famfon Tsunami a saman layin ruwa: ba zai ja ba

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗaura famfon Tsunami T800 a sama, kusa da jakar da ake cikawa da ruwa don ƙara wa jirgin ruwan shaƙatawa nauyi. A'a, kada ka yi haka. Irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwa da kansa, turawa kawai yake yi. Dole ne ya zauna can ƙasa a cikin jirgin, ƙasa da inda ruwan waje yake kaiwa, yadda ruwa zai gangaro masa daga ƙofar da aka huda a gindin jirgin. In kuma wurinka a matse yake, sai sama, to nemi famfo mai farfelar roba irin na kamfanin Jabsco. Shi yana zuƙowa, yana cikawa, yana kwashewa, duk da famfo ɗaya. Sai dai ya fi cin batir, don haka ka sa waya mai kauri da fiyus kusa da batir.

Na taɓa ɗaga nawa famfon Tsunami sama kaɗan don in samu sauƙin gyara. Ƙara kawai yake yi, jaka kuwa fayau, iska ta tsaya a tiyo. Sai da na sauke shi ya fara aiki. Sharaɗi ɗaya: ka sa bawul na tagulla a bakin hudar nan kafin famfon, inda hannunka zai kai da sauri. Ranar da tiyo ya fita, bawul ɗin kaɗai zai hana ruwa cika maka jirgi. Mai robar kuma kada ka bar shi yana gudu ba ruwa, nan da nan farfelar take ƙonewa.